Wake Uku a Kwalin Ashana

Duk wanda ya san Seu Ivanor Bortolin, wato Malam Ivanor a bakin mutanenmu, a Vila Jatoba ya san shi da kwalin ashana a aljihun riga, ga shi kuwa bai taɓa kai taba bakinsa ba. In yana tafiya sai ka ji wani abu na kas-kas a ƙirjinsa. Masu zama a shagon Zeca suna tsokanarsa, wai haƙoransa ne da suka zube yake adanawa don ranar tashin ƙiyama. Sai ya yi ɗan murmushi ya wuce. Ba haƙora ba ne. Ƙwayar waken soya ce guda uku, jajaye jawur, kuma shekara tara ya yi yana yawo da su, domin ya yi imani su ne suka kashe garinmu.

Ivanor ba haihuwar nan ba ne, kamar dai rabinmu. Yana da shekara goma sha ɗaya aka ɗoro su daga kudu a bayan wata tsohuwar gingimari, iyali biyu a kan katifu da buhunan iri, kwana shida ana gwara kai a hanyar da ba ta san kwalta ba. Iyali na biyun su ne gidan Wendling, kuma ɗansu Darci, sa'ar Ivanor, shi ne ya kwarara masa amai a cinya tun ba a fita daga jiharsu ba. Abotar tasu daga nan ta fara. Iyayensu suka sare dajin Mato Grosso suka shuka wake. Darci ya gaji noma, ya haɗa da surutu. Ivanor kuwa noma bai karɓe shi ba, abin da Allah ya ba shi ido ne.

Shekara ashirin da shida ya yi a ƙofar rumbun ƙungiyar manoma. Duk tirelar da za ta sauke wake sai ta tsaya a gabansa tukuna. Ya hau dandamali, direba ya yaye tampol, shi kuma ya soka dogon bututunsa na ƙarfe har ƙasan kaya, wuri takwas, ya zaro ya juye abin da ya ɗebo a faranti, ya baza da yatsa. Kafin na'ura ta faɗi danshin wake, Ivanor ya ciji ƙwaya ɗaya ya faɗa, in kuwa suka saɓa to a nemo wa na'urar mai gyara. Direbobi suka sa masa suna Alƙali. An gwada shi da kwalbar giya, an gwada shi da cinyar saniya, wani ƙato ma ya gwada shi da kuka. Amsarsa ɗaya ce: "Ni ba fuskarka nake kallo ba, wake nake kallo."

Ruɓaɓɓe da tsakuwa da danshi duk ana iya rage wa mutum wani abu ya wuce. Abu ɗaya ne ba shi da ciniki, shi ne jan wake. Irin shuka ne da aka wanke da guba saboda ƙwari, aka rina shi ja don kada wani ya yi kuskuren ci ko ba dabba. Ƙwaya ɗaya in ta fito a faranti, motar gaba ɗaya ta juya, tan talatin da bakwai, mai ita ya san inda zai kai abinsa. Dalili kuwa, waken nan ba namu ba ne, noma shi kawai muke yi. Daga rumbu sai tashar jiragen ruwa, daga nan kwana arba'in da biyar a teku, ya je ya zama mai a tukunyar mutanen Chaina da dusa a bakin aladunsu. Babu wanda ya taɓa taka Chaina a cikinmu, amma in cuta ta faɗa wa aladunsu sai ka ga mahaucinmu yana korar ƙuda babu mai saye.

Da Zenaide matar Ivanor ta haifi 'yarsu tilo, Marilei, ba a tsaya shawarar wanda zai riƙe ta ranar baftisma ba. Darci ya riƙe, matarsa Nelsi na gefensa. Daga ranar sunaye suka ɓace a tsakaninsu, sai kompadre ga namiji da komadre ga mace, yadda iyayen yaro da masu riƙe shi ke kiran juna. A wurinmu wannan ya fi 'yan'uwantaka nauyi, tunda ɗan'uwa ba kai ka zaɓe shi ba. Mutumin da ya tsaya a coci ya ce in ka mutu shi ne uban 'yarka, ba ka kai shi ƙara, ba ka ɗaga masa murya, in ya miƙo maka hannu kuma ba ka barin sa a miƙe.

Kowace Lahadi da la'asar suna barandar Darci. Shi ne mai zuba ruwan zafi a ƙoƙon ganyen mate, shayinmu da ake zuƙa da tsinken ƙarfe, ya sha na farko mai ɗaci, ya sake cikawa ya miƙa. Kowa ya zuƙe ya mayar masa da ƙoƙon shiru, don wanda ya ce ya gode ya fita daga zagayen ke nan, ba a ƙara miƙa masa. Shekara da shekaru Ivanor bai taɓa yin godiya a barandar nan ba sai butar ta ƙare.

Sai ga shekarar da Amurka da Chaina suka ɓata. Kowa ya lafta wa kayan ɗan'uwansa haraji, Chaina ta ce ta daina sayen waken Amurka, ta juyo mana gaba ɗaya da baki a buɗe. Farashi ya yi tashin da tsofaffinmu ba su taɓa gani ba. Mutanen da ba su san inda ƙasashen nan biyu suke a taswira ba suka koma kasa kunne a rediyo kamar ana wasan ƙwallo.

"Allah ya ƙara musu faɗa!" in ji Zeca yana goge kanta. "Kada Allah ya kawo mai raba su!"

"Amin!" shago ya ɗauka.

Ivanor yana shan kofi a tsaye, ya ce, "Ranar da suka shirya fa? Wa zai sayi tulin nan?"

"Kai dai Seu Ivanor," in ji Zeca, "ko a shinkafar biki sai ka nemo tsakuwa. Sha kofinka ka bar mu mu ci zamaninmu."

Aka ci zamani kuwa. Aka share rumbuna har da abin da ke maƙale a lungu. Layin tireloli ya kai kilomita goma sha ɗaya, direbobi suna dafa abinci a ƙarƙashin motocinsu, suna shanya wanki a jikin madubi. Manaja yana zagayawa da waya a kunne yana cewa jirgi na jira, a yi sauri, jirgi na jira.

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar Maris, rana ta take, ruwan jiya yana tashi daga jan laka kamar tururin tukunya. Ivanor ya duba mota ɗari da 'yan kai tun safe, sai ga shuɗiyar tirelar Darci ta iso gabansa. Kullum Darci da ihu yake dirowa, yana zagin layi da gwamnati da surukarsa. Ran nan ya hau ya yaye tampol bai ce uffan ba.

"Kompadre, yau bakin ya tafi hutu ne?"

"Gajiya ce, kompadre. Kwana biyu ina layin nan, bayana ya zama na wani."

Ivanor ya soka bututu wuri takwas, ya juye a faranti, ya baza. Yatsansa ya tsaya. Ga ta nan a gefe, ja kamar ɗigon jini. Ya sake bazawa, ga ta biyu, ga ta uku. Wanda ya yi aikin nan ya san uku a faranti ɗaya ba tsautsayi ba ne, da hannu aka zuba.

"Nawa ka zuba?" ya tambaya ƙasa-ƙasa, bai ɗago ba.

Darci ya cire hula yana murza ta. "Ragowar irin bara ne. Buhu goma sha biyu. A cikin jirgi guda fa, kompadre, wa zai gani?"

"Ni na gani."

"Kai ne dai. Kowa ya yi shara bana, har ƙasa mutane ke zubawa. Na yi wauta, na sani, ba sai ka faɗa ba. Amma in ka juya ni a gaban mutanen nan, ko a coci ba zan ƙara ɗaga kai ba. Shekara ashirin da shida kana ƙofar nan, na taɓa roƙon ka wani abu?"

Bai taɓa ba, gaskiya ce. Daga bayan layi aka fara danna ham. Wani direba ya leƙo da kai ya ce, "Alƙali, a yanke hukunci mana, ko sai mun tsiro a nan?"

Ivanor ya ɗago. Karo na farko a aikinsa ya kalli fuska ya bar wake. Abin da ya gani kuwa shi ne hannun da ya tallafi kan Marilei ranar da aka zuba mata ruwa a goshi, yana murza hula. Ya ɗora tafinsa a kan farantin, ya tsince ƙwayoyin uku ya jefa a aljihu. Ya jawo 'yar takarda mai ruwan ɗorawa, ta izinin saukewa, ya sa hannu, ya miƙa ba tare da ya dubi mai karɓa ba. Tirelar ta ja ta nufi layin sikeli a can bayan rumbu. Shi kuwa ya ce zazzaɓi ya kama shi, ya miƙa wa abokin aikinsa bututun, ya hau kekensa ya tafi gida. Bai waiwaya ba, kuma daga ranar bai ƙara bi ta wajen sikeli ba, balle ya buɗe littafinsu. Ba ya son ganin lambar motar nan a rubuce.

Ranar Lahadi Zenaide ta matsa sai sun je. Darci ya tarbe su da rawar jiki, ya cika ƙoƙo ya sha na farko, ya sake cikawa ya miƙo da hannu biyu, bakinsa na motsi kamar mai shirin magana. Ivanor ya kalli ƙoƙon. Haushi ne ya taso masa, haushin kansa da na mutumin da ya san inda rauninsa yake ya taka daidai nan.

"Na gode," ya ce, ko taɓawa bai yi ba.

Matan suka kalli juna. Hannun Darci ya daɗe a miƙe kafin ya janye shi, ya miƙa wa Zenaide. Wannan ce Lahadinsu ta ƙarshe.

Marilei a lokacin tana aiki a ofishin rumbu, ita ce ta nuna masa jirgin da ya ɗauki waken rumbunmu a wayarta, ɗan ɗigo a kan shuɗi. Ta yi ne don ta burge shi, sai ta jawo wa kanta aiki. Kullum in ta dawo cin abincin rana sai ya ce, "Ina ya kai?"

"Baba, jirgi ne fa, ba jaki ba ne da zai ɓata hanya. Ya wuce ƙasan Afirka."

"Saura kwana nawa?"

"Kai da mai jirgin wa ya fi wani damuwa?"

A kwanakin nan ne wani mutum ya tare a cikin tunaninsa. Ivanor bai taɓa ganin sa ba, amma ya san shi sarai. Dattijo ne kamarsa, da tabarau a kan hanci, yana tsaye a wata tasha a can Chaina da bututun ƙarfe a hannu da faranti a gabansa, yana jira. Ivanor ya tabbata akwai shi, tunda duk inda ake sauke wake dole akwai mai dubawa, kuma ya tabbata mutumin nan ba shi da kompadre a Vila Jatoba. In Ivanor ya baza wake a wurin aiki sai ya ga kamar wani yatsa yana bazawa ta ɗaya gefen. In Zenaide ta zuba masa shinkafa da wake sai ya kama tonawa da cokali mai yatsu, har ta ce in tsakuwa yake nema ya fita tsakar gida akwai da yawa. Jan maɓalli a ƙasa, jan barkono a miya, komai sai ya sa gabansa ya faɗi. Ya samo kwalin ashana ya zuba ƙwayoyin, don yana tsoron kaji su tsince su in ya yar.

Jirgin ya isa ranar wata Talata. Ranar Juma'a manaja ya tara ma'aikata a tsakar rumbu, fuskarsa kamar an yi mutuwa. Masu saye sun ƙi karɓar kaya. An samu jan wake. An dakatar da ƙungiyarmu da wasu biyu, ba za a sake sayen ko ƙwaya daga hannunsu ba sai abin da hali ya yi. Ivanor yana tsaye a baya. Bai yi mamaki ba. Abin da ya ji kawai shi ne, dattijon nan ya gani.

A makon ne kuma rediyo ya ce Amurka da Chaina sun zauna sun shirya, Chaina za ta koma sayen waken Amurka. Farashi ya rikito. Shagon Zeca ya rabu biyu.

"Wane jan wake?" in ji Zeca, wanda ya manta da addu'arsa. "Sun saya da tsada, yanzu ya yi araha, suna neman hanyar zamewa ne. Da suna cikin yunwa ko jan bulo ka zuba musu za su karɓa!"

"A'a, Zeca," in ji wani manomi, "guba guba ce. Wani maras tsoron Allah ne ya zuba, kuma in na san shi sai na ɗaure shi a bayan tarakta."

Masu bincike suka zo daga birni da farar mota, suka yi kwana huɗu suka koma. Tirela dubu da ɗari takwas ce ta cika jirgin, daga garuruwa uku, an gauraya tun a rumbu an sake gaurayawa a tasha. Wa zai ce ga motar? A taron ƙarshe manaja ya miƙe a gaban kowa ya nuna Ivanor ya ce, "Ni dai abu ɗaya na sani. In ta hannun Alƙali ta bi, to ba daga ƙofarmu ta fita ba. Zan iya sa wuyana a kan haka." Aka yi tafi. Ivanor ya sha zagi a rayuwarsa, amma babu wanda ya ƙona shi kamar tafin nan.

Rumbun bai mutu rana ɗaya ba, a hankali ya yi ta ja da baya. Manyan manoma suka koma kai kayansu wani gari, ƙanana suka sayar da gonaki ga manya. Shekara ba ta zagayo ba aka sa kwaɗo a ƙofa. Mutum saba'in suka rasa aiki, masu abinci da masu facin taya suka bi bayansu. Makaranta ta koma aji uku. Marilei ta tafi birnin Cuiabá neman aiki, a can ta yi aure. Ranar bikinta, Darci ya zo, ya zauna a layin ƙarshe, amarya ta je ta sumbaci hannunsa ta nemi albarka kamar yadda ake yi, ya sa mata yana hawaye, ya fice kafin a raba abinci. Shi ma ya yi ƙasa tun shekarar nan, ya sayar da tirelar da rabin gona. Ivanor ya ce a ransa alhaki ne.

Shi kuwa ya koma kiwon kaji da gyaran keke. Duk motar ƙaura da ta wuce ta ƙofar gidansa da katifu a sama, sai ya dafa aljihu ya ƙirga ta a cikin nasa. Rumbun yana nan tsaye a bakin gari, in rana ta yi zafi ƙarfensa yana ƙara, tas, tas, kamar ana zuba wake a faranti, kuma Ivanor yana jin sa daga ko'ina. Sau ɗaya ya je ya faɗa wa limamin coci komai. Limamin ya ce Allah ya yafe masa. Ivanor ya ce, "Na ji, Fada. Amma rumbun yana rufe." Sau da yawa ya shirya zai miƙe a shagon Zeca ya faɗa, sai ya tuna ba sunansa kaɗai zai faɗa ba. Haka ya yi ta riƙon sirrin mutumin da ko gaisuwa ba sa yi. In sun haɗu a hanya kowa ya taɓa hula ya wuce. Zenaide ta yi tambaya har ta gaji, ta ce maza biyu da furfura suna gaba kamar 'yan mata, Allah ya shirye su.

A shekara ta tara Darci ya faɗi a gona, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ivanor ya kama akwatin gawa tare da mutane, tunda wannan ko gaba ba ta hana shi. Ranar addu'ar bakwai, bayan an tashi daga coci, Dona Nelsi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kompadre, ka biyo ta gida da la'asar. Akwai ajiyarka."

Ya same ta a baranda. Kujerun suna nan yadda ya san su, har da ta Darci mai lotsattsen zama. Ta ɗora buta a wuta, ta shiga ɗaki ta fito da 'yar takarda mai ruwan ɗorawa, ta yi laushi don ninki. Ya gane sa hannunsa tun kafin ta miƙo. Ya sa tabarau. Ga kwanan wata, ga lambar mota. Gurbin hatimin sikeli kuwa fari fat, babu nauyin shiga, babu na fita.

"Mene ne wannan, komadre?"

"Kai za ka tambaye ni? Ai ka fi ni sanin takardunku. Bai sauke ba."

"Bai sauke ba kamar yaya?"

"Ya kai bakin sikeli, saura mota biyu, ya ce musu burki ya lalace ya fita ta ƙofar baya. Ya zo nan yana kuka kamar yaro, wai ya sa kompadrensa ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ja motar can bayan gona ya juye ta a kwazazzabo, duka. Kwana biyu yana tura ƙasa da tarakta. Kafin ya gama rufewa kurciyoyi sun ci, muka yi ta kwasar su a buhu. Har yau ba sa sauka a wajen nan." Ta nuna da haɓa. Can bayan shinge akwai wani tudu da ciyawa ta rufe, wanda Ivanor ya sha hangowa daga hanya bai taɓa tambayar kansa yaushe ya fito ba. "Ya hana ni faɗa wa kowa, don in hukuma ta ji an binne guba sai sun karɓe gonar."

Ivanor ya ɗago daga kan takardar. "Ni fa? Me ya hana shi gaya mini?"

"Ranar Lahadin nan takardar tana aljihunsa. Ya ce sai ka sha ƙoƙo ɗaya tukuna zai ajiye maka ita a cinya. Ka ce ka gode."

"Amma da jirgin ya... da aka rufe rumbu, komadre, ya san abin da zan ɗauka!"

"Ina zai sani? Kai da kake rumbun kullum, littafin sikeli yana bayanka taku hamsin? Ya ɗauka tun washegari ka duba ka gani. Ya ce ka san bai sauke ba, amma duk da haka ba ka yafe ba, kuma kana da gaskiya. Da wannan ya mutu." Ta tsaya ta zuba masa ido, sai ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah. Ba ka duba ba?"

Ivanor ya sa hannu a aljihu. Ya zaro kwalin ashana ya buɗe a tafin hannu. Ƙwayoyin sun ƙanƙance, jan ya koɗe. Ya yi zaton in ranar nan ta zo zai ji kamar an sauke masa buhu daga ka, sai ya ji tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da jirgin ya isa. Shekara tara yana ganin garin nan a hannunsa ya mutu, kuma duk zafin abin, akwai ɗan sauƙi a ciki: in hannun mutum ɗaya ne ya rusa, to da hannun mutum ɗaya ya tsare. Yanzu ga shi ko ya juya motar ko bai juya ba, kwaɗon nan sai ya hau ƙofa. Ya nemi dattijon nan mai tabarau a ransa, wanda ya yi shekara tara yana kallon sa, ya ga ashe bai ma san da shi ba.

"To in ba mu ba ne, wane ne?" ya tambaya.

"Oho. Wata motar, ko wani garin, ko kuwa yadda Zeca ke faɗa ne. Wa ya san sunanka a can, kompadre? Manya sun yi faɗansu sun shirya. Ku kuma kuka ɗauki naku kuka riƙe, a kan motar da ba ta je ko'ina ba."

Butar ta fara ƙara. Ta sauke, ta ɗauko ƙoƙon Darci da tsinken zuƙarsa na azurfa da bakin ya cinye, ta cika ta sha na farko tana yamutsa fuska, don ba ta saba da ɗacin ba. Ta sake cikawa ta miƙo masa.

Ya ajiye kwalin a kan takardar ya karɓa da hannu biyu. Ya zuƙa a hankali har ƙoƙon ya yi ƙarar ƙarewa. Bai yi godiya ba. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba, ya miƙa ƙoƙon dama, wajen kujerar mai zubawa, kujerar Darci da babu kowa a kanta.

Hannun ya daɗe a miƙe. Dona Nelsi ta bar shi haka na ɗan lokaci, sannan ta taso ta zagayo ta karɓa.